Fatsar Nishaɗi da Na'urar Gano Kifi: Bayani ga Hakimai da Malamansu na Ƙasar Haɗejiya

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu na ƙasar Haɗejiya, musamman waɗanda gundumominsu ke bakin ruwa, kamar Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri. Maganarta a kan wani irin su ne wanda masu yinsa ba abinci suke nema ba, sha'awa ce kawai. Mutum yakan bar garinsa, ya biya kuɗin mota da na jirgi, ya wuni yana jifa da fatsa, wani lokaci ma in ya kama kifin ya auna shi ya mai da shi ruwa. Kayan wannan wasa sun yi araha a zamanin nan, kowane mai hali yana iya sayensu. Saboda haka ya kamata shugabanni su san yadda suke aiki, domin ran da baƙo ya sauka da su a bakin gulbi a san abin da za a yardar masa da abin da za a hana shi.

Sandar fatsa da kifin ƙarya

Fatsa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, ko yara sun san a soka tana a ƙugiya a jefa a jira. Ta masu nishaɗi ta bambanta da wannan ta hanya biyu. Da fari, sandar tana da wani abin naɗi a gindinta, kamar ƙwarƙwaron masaƙa, wanda ke ɗauke da dogon zare siriri mai ƙarfi, har mutum ya iya jifa nesa ya kuma naɗo. Na biyu, ba a sa abincin gaske a ƙugiya. Abin da ake ɗaurawa kifin ƙarya ne, na itace ko roba ko ƙarfe, da ƙugiyoyi rataye a cikinsa da wutsiyarsa. In ana naɗo zaren sai ya riƙa karkarwa yana tangaɗi kamar ƙaramin kifin da ya ji ciwo, babba ya gani ya kawo cafka.

Wani masunci mutumin ƙasar Finlan, Lauri Rapala, shi ya shahara da wannan dabara. A 1936 ya sassaƙa nasa na fari da ɓawon itace mara nauyi, ya lulluɓe shi da takardar gwangwani mai ƙyalli, domin ya lura manyan kifaye sukan zaɓi raunanne daga cikin garke. Har yanzu ana sayar da kifin ƙarya da sunansa a ƙasashe da yawa. Akwai kuma wani iri mai kamar cokali, wanda aikinsa walƙiya ce kawai cikin ruwa.

To, kifin ƙarya ba ya ruɗin kowane kifi, sai masu farautar 'yan'uwansu da ido, watau irin su giwan ruwa da tsage da tufi. Karfasa abincinta galibi gansakuka da tsire-tsiren ruwa ne, bargi kuwa tace ruwa da laka yake yi, ba ruwansu da shi. Tarwaɗa da sansane da gashin baki take neman abinci, abincin gaske ya fi jawo ta. Da damina kuma, sa'ad da ruwa ya yi ja don laka, kifi ba ya hangen kome, sai bayan kaka ruwa ya kwanta sa'an nan wannan fatsa take ci. Ke nan mai kifin ƙarya ba ya taɓa mafi yawan abin da talakawa ke kamawa da birgi da kalli da gura. Abin da yake nema shi ne babban kifi, a nan kuwa maganar take, za a komo kanta.

A wasu ƙasashe wannan wasa ya zama hanyar samu. A Tafkin Nasir na ƙasar Masar baƙi sukan yi hayar jirgi da jagora kwana da kwanaki suna neman giwan ruwa, wanda yakan wuce kilo 100, yawancinsu kuma sukan sake shi bayan awo. A Tafkin Kariba, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, akan yi gasar kamun tsage.

Yadda na'urar gano kifi take aiki

Kowa ya san amsa-kuwwa. In mutum ya leƙa rijiya mai zurfi ya yi magana, muryarsa takan komo masa, gwargwadon zurfin rijiyar gwargwadon jinkirin komowar. Wannan ita ce hikimar na'urar duka. Tana da wani ɗan abu da ake tsomawa a ruwa, shi ke aika sauti ƙasa, sauti siriri wanda kunnen mutum ba ya ji. Sauti yana gudu cikin ruwa kusan mita 1,500 a sakan guda, watau kusan mil guda, ya fi gudunsa cikin iska har ninki huɗu da wani abu. In ya bugi ƙasan kogi sai ya komo, na'ura ta lissafa jinkirin, ta rubuta zurfin a kan ɗan gilashinta. In ya gamu da kifi a tsakani, shi ma sai ya fito kamar ɗan baka. Abin da ya fi mai da sautin a jikin kifi wata 'yar jakar iska ce da ke cikinsa, wadda ke taimakonsa tsayawa a tsakiyar ruwa.

An dukufa neman wannan ilmi bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912, don jiragen teku su san abin da ke gabansu da ƙarƙashinsu. A 1948 wasu 'yan'uwa biyu masu suna Furuno, a lardin Nagasaki na ƙasar Japan, suka fito da wadda masunta za su yi aiki da ita. Ƙarama ta ɗauka a hannu ta bayyana a Amurka wajen ƙarshen shekarun 1950, daga kamfanin Lowrance. Yanzu akwai wadda ba ta fi lemo girma ba, a ɗaura ta a zaren fatsa a jefa, tana yawo bisa ruwa tana aiko da hoto cikin wayar hannu.

Lalle ne hakimai su riƙe abu guda a nan, gama shi ne zai fi kawo gardama. Na'urar nan ba ta kiran kifi, ba ta kashe shi, ba ta kuma sakin wutar lantarki cikin ruwa. Mutanen ƙauye in sun ga batir da waya a cikin jirgi suna iya zaton irin masu kisan kifi da lantarki ne. Bambancin a fili yake: inda aka sa lantarki kifi kan taso sama a sume, manya da ƙanana, inda aka sa na'urar sauti kuwa ba abin da ke tasowa. Dokar su ta ruwayen cikin ƙasa, mai lamba 108 ta 1992, ta hana kamun kifi da lantarki da guba da nakiya, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da inci 3, watau milimita 76, sai wasu 'yan ire-iren raga da ta keɓe. Mai zuba Gamalin a tafki shi ne mai laifi, a kai maganarsa gaba. Baƙo mai na'urar sauti ba a kama shi a kan wannan.

Ganinta kuma yana da iyaka ƙwarai. Sautin yana sauka ne yana buɗewa kamar mazurari a kife, faɗin abin da irin wadda aka fi sayarwa take gani kuwa wajen sulusin zurfin ruwan ne. A ruwa mai zurfin ƙafa 6 ba ta ganin abin da ya wuce faɗin ƙafa 2, kamar babban faifai. Yawancin ruwan fadamar Haɗejiya kuwa bai fi haka ba, ga bado ga kainuwa ga kacala, duk suna rikita hoton. Tarwaɗa da ke kwance a laka ba ta rabuwa da lakar a gilashi. Gaiwa kuwa, wadda ke binne kanta a busasshen taɓo ta yi rani, sai dai wanda ya san raminta. A irin wannan ruwa tsohon masunci da gwangwalarsa ya fi na'ura sani nesa ba kusa ba.

Inda haɗarin yake

Kogin Haɗejiya ya samu ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Calawa. Bayan ya wuce garin Haɗejiya sai ya rarrabu cikin dausayi, wani hannu ya bi Marma zuwa Tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, sauran ruwan ya gamu da na Kogin Jama'are su zama Komadugu Yobe wajen Gashuwa, su nufi Tafkin Cadi. Arzikin kifin ƙasar duka a kan ambaliya yake. In ruwa ya cika a watan Agusta da Satumba ya malala cikin ciyawa, kifi kan bi shi ya yi ƙwai. Bargi da yauni har sheƙa suke yi a cikin ciyawar. 'Ya'yan su yi girma a fadama inda abinci ya yawaita, in ruwa ya soma janyewa su komo kogi da tafkuna.

Wannan tsari ya sāke tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Calawa a 1992. A 1974 ruwa ya rufe fili fiye da murabba'in kilomita 2,000 a dausayin Haɗejiya da Nguru, amma a farkon shekarun 1990 bai kai rabin haka ba. Sakin ruwa daga madatsun da rani kuma ya sa wasu hanyoyin ba su bushewa, kacala ta samu wurin zama ta toshe su, har ruwa ya riƙa kwana a gonakin wasu, wasu kuwa suna nema ba su samu. Wurin haihuwar kifi ya ragu, masu kamunsa sun ƙaru.

Da bazara, sa'ad da fadama ta bushe, kifin da ya tsira daga dumba da taru yakan taru a gurabe masu zurfi. Waɗannan su ne iri. Su za su fita da ruwan sabuwar damina su cika fadama da 'ya'ya, kamar yadda damin da manomi ya ɓoye a rumbu yake cika gona. Manyan giwan ruwa yawancinsu mata ne, guda ɗaya kuma tana zuba ƙwai miliyoyi. To, a gurbi mai zurfin ƙafa 18 na'ura tana ganin faɗin ƙafa 6, ruwan ya kwanta, ba ciyawa, kifi a tare wuri ɗaya. Nan ne take aiki sosai, nan ne kuma kifin ƙarya yake ci. Sanin wuraren nan dā yana hannun sarakunan ruwa da dattawan masunta, su ne kuma masu cewa a shiga ko kada a shiga. Yanzu wanda bai taɓa ganin kogin ba yana iya gano su da hantsi guda, ya kuma adana alamar wurin a wayarsa.

Baƙo guda da sanda guda ba zai ƙare gurbi ba. Abin tsoro shi ne ran da na'urar ta koma hannun mai taru, a gano gurbi da rana a kewaye shi da dare. Wanda ya kwashe irin kifi a watan Afrilu ya ci rabon gunduma guda na shekara mai zuwa, kasuwar kifi ta Haɗejiya da masu banda kuma su ne za su fara ji a jikinsu.

Kiyaye gurbi ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu, inda aka soma bikin su a 1934, ana tsare ruwan Matan Fada sai ranar biki, a shiga da homa da gora kaɗai, abin da ya sa ake fid da manyan giwan ruwa a can ke nan. Makwabta mutanen Bade su ma suna da nasu bikin su a wajen Gogaram.

Abin da ya kamata hakimi ya yi

Baƙon da ya zo fatsar nishaɗi a karɓe shi da mutunci, gama yana kawo ciniki ga masu jirage da masu abinci. Amma kada ya shiga ruwa sai ya bi ta hannun dagaci ko bulama, an haɗa shi da sarkin ruwa, an ba shi jagora ɗan gari wanda zai biya shi ladansa. Gurbin da al'adar gari ta rufe, a rufe yake ga baƙo da na'urarsa, ko da wane ne ya aiko shi. In ya kama babban kifi tsakanin Maris da saukar damina, a roƙe shi ya auna da sauri ya sake shi, a kuma nuna masa ya danne ƙayar ƙugiyarsa don ta fita ba da yaga baki ba. Guntun zaren roba kada a bar shi a bakin ruwa, yana harɗe ƙafar tsuntsu da ta dabba, ba ya kuwa ruɓewa.

Dausayin Baturiya, a ƙasar Kirikasamma, yana da nasa hukunci. Wurin kiyaye namun daji da tsuntsaye ne, an kuma sa shi cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, bayan Tafkin Nguru da Marma da aka sa a 2000. Mai son shiga can da fatsa sai ya nemi izinin ma'aikatan wurin tukuna. A gargaɗi baƙi kuma su sa rigar ruwa a cikin jirgi, kada su yi ta tsayawa cikin ruwan da ba ya gudu saboda tsargiya.

Malamin hakimi ya ware shafi a littafinsa domin wannan. Ya rubuta ranar zuwan baƙo, da garin da ya fito, da ruwan da ya shiga, da jagoransa, da irin kifin da ya kama da nauyinsa, da wanda ya saki da wanda ya tafi da shi. In baƙon yana da na'ura, a roƙe shi ya faɗi zurfin kowane gurbi da ya bi ta kansa, a rubuta da watan da aka auna. In an yi haka shekara uku ko huɗu, littafin zai nuna gurbin da yashi ke cikewa da wanda kacala ke ci, hakimi kuma ya sami hujja a rubuce ran da zai kai kuka wurin ma'aikatan kifi na Jihar Jigawa ko Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are.