Kwas ɗaya, sharaɗi biyu: Ƙa'idar da ke rage wa ɗalibai kuɗi da lokaci a jami'o'in Amurka

Duk wanda ya yi jami'a a Najeriya ya san kwasa-kwasan bai-ɗaya da ake tilasta wa kowa, ko likitanci yake karanta ko Larabci. A Jami'ar Bayero ta Kano ana kiransu GSP, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya GENS, a wasu wuraren kuma GST. Ɗalibi kan iya cinye duk kwasa-kwasan sashensa, amma guda ɗaya daga cikin waɗannan ya riƙe shi, abokansa su tafi hidimar ƙasa su bar shi a makaranta.

A Amurka ma akwai irin wannan sharaɗi, sai dai ya fi namu girma nesa ba kusa ba. Digirin farko na shekara huɗu galibi kiredit 120 ne, kuma a jami'o'i da yawa kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi yana tafiya ne a kwasa-kwasan ilimin bai-ɗaya: rubutu, lissafi, kimiyya, tarihi, zamantakewa da adabi. Al'ada ce mai tsohon tarihi. Jami'ar Columbia ta soma kwas ɗinta na wayewar zamani tun 1919, Harvard kuma ta fitar da shahararren rahotonta kan ilimin bai-ɗaya a 1945.

Bambancin shi ne, a can ba kasafai ake ware kwasa-kwasai ƙayyadaddu a ce kowa sai ya yi su ba. Ana ba ɗalibi rukunai ne, kowane rukuni da jerin kwasa-kwasan da aka amince da su daga sassa daban-daban, shi kuma ya zaɓa. Daga nan tambayar take tasowa: idan kwas ɗin da sashensa ya wajabta masa yana cikin wannan jeri, za a lissafa masa shi a wuri biyu?

Yadda lissafin yake

A ɗauki misalin mai karanta tattalin arziki. Sashensa ya ce dole ya yi kwas ɗin ƙididdiga mai kiredit uku. Jami'a kuma ta ce kowane ɗalibi sai ya yi kwas ɗaya a rukunin lissafi, kuma ƙididdiga na cikin waɗanda aka yarda da su. Inda aka halatta lissafi biyu, ya shiga aji ɗaya, ya rubuta jarrabawa ɗaya, ya sauke nauyi biyu.

Amma a nan ne da yawa ke yin tuntuɓe. Sharuɗɗa biyu ne suka cika, kiredit ɗin bai ninku ba. Uku ya samu, ba shida ba, kuma har yanzu sai ya kai 120 kafin a ba shi takarda. Abin da ya ci riba shi ne gurbi: zai iya cike shi da wani kwas da yake so, ko ya haɗa ƙaramin fanni na biyu. Waɗanda tsarin ya fi ceta su ne 'yan injiniyanci da aikin jinya, domin kwasa-kwasan sashensu kaɗai sun kusa cinye adadin. Idan aka hana su lissafi biyu, sai su zarce 120, wato ƙarin zangon karatu.

Ga ɗan Najeriya, ƙarin zango ba ƙaramin abu ba ne. Alƙaluman Open Doors sun nuna 'yan Najeriya sama da 20,000 ne ke karatu a Amurka a zangon 2023/2024, adadin da ya fi na kowace ƙasa a Afirka. Baƙon ɗalibi a jami'ar gwamnatin jiha yana biyan kuɗi fiye da ɗan jihar, kuma bizar karatu ta F-1 tana wajabta wa mai digirin farko ɗaukar aƙalla kiredit 12 a kowane zango. Uban da ke canjin naira zuwa dala ya san ma'anar wata huɗu na haya da abinci da kuɗin makaranta.

Rigimar Kalifoniya

Babu doka ɗaya da ta game ƙasar. Wata jami'ar ta buɗe ƙofa gaba ɗaya, wata ta ƙayyade yawan kwasa-kwasan da za a lissafa sau biyu, wata kuma ta ce wasu rukunan dole a yi su a wajen sashen ɗalibi.

A 2017, hukumar Jami'ar Jihar Kalifoniya, mai rassa sama da ashirin, ta sabunta umarninta mai lamba 1100, ta ce duk kwas ɗin sashe da aka amince da shi a jerin bai-ɗaya dole a lissafa shi a wuri biyu. Manufar ita ce ɗalibai su riƙa gamawa a kan kari. Malamai da yawa ba su ji daɗi ba, sun ce an yanke hukunci cikin gaggawa ba tare da isasshiyar shawara da su ba. A reshen Northridge har zanga-zanga ɗalibai suka yi, saboda fargabar sabon tsarin zai kashe sharaɗin nazarin al'adun ƙabilu da reshen ya daɗe da shi. A 2020 jihar ta yi dokar da ta wajabta irin wannan kwas mai kiredit uku a duk rassan.

Masu adawa suna da hujja. An ƙirƙiro ilimin bai-ɗaya ne don injiniya ya zauna ajin tarihi, mai karanta adabi ya leƙa ɗakin gwaje-gwaje. Idan kowane sashe ya shigar da kwasa-kwasansa cikin jerin, ɗalibi zai iya gama digiri bai taka ƙofar wata tsangaya ba. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba: ƙananan sassa irin su falsafa da harsuna suna rayuwa ne da ɗaliban da sharaɗin ke turo musu, kuma yawan ɗalibai ne ke jawo kasafi.

Shi ɗalibi, abin da ya shafe shi ya fi wannan sauƙi. Ƙa'idar da ke aiki a kansa galibi ita ce ta kundin jami'a na shekarar da ya shiga, ba abin da wani na gaba da shi ya gaya masa a ɗakin kwana ba. Idan kuma ya sauya fanni a tsakiyar karatu, kwas ɗin da ya biya masa buƙata biyu zai iya komawa biyan guda ɗaya, a sake lissafi daga farko.