Ciwon sukari na lokacin ciki: awon da ake mantawa da shi bayan arba'in

Akwai matan da ake gaya wa a wurin awon ciki cewa sukarin jininsu ya hau. A hana su lemun kwalba da shayi mai zaƙi, a ce su rage yawan tuwo da shinkafa, wasu har a ɗora su kan allurar insulin zuwa ranar haihuwa. Da an sauka lafiya an yi suna, sai maganar ta mutu. Mai jego ta ce ai ciwon na ciki ne, ya tafi tare da cikin. Maigida ya ce alhamdu lillahi. Karnen awo kuma a jefa shi ƙasan akwati. Alhali akwai sauran aiki guda da ba a yi ba: a koma likita a sake auna jinin uwar, makonni kaɗan bayan haihuwa, don a tabbatar ko ciwon ya tafi da gaske.

Mu fara da abin da ke kawo shi. Jikin mutum na yin wani sinadari da ake kira insulin, shi ne ke kwashe sukari daga cikin jini ya kai shi inda za a yi amfani da shi. Idan mace na da juna biyu, mabiya tana fitar da wasu sinadarai da ke rage wa insulin ƙarfi, musamman daga wata na shida zuwa sama. Yawancin mata jikinsu na ƙara yawan insulin ɗin, a wuce lafiya. Wasu kuwa jikin ya kasa, sai sukari ya taru. Shi ya sa ake yin awon tsakanin mako na 24 da na 28 na ciki. Da mabiya ta fita, abin da ke danne insulin ya tafi, kuma ga mafi yawan mata sukarin na sauka cikin ƴan kwanaki.

Wannan saukar ce ke ruɗin mutane. Cikin dai gwaji ne ya yi wa jiki, kuma jikin ya nuna yana da rauni ta wannan wajen. Raunin ba ya bin mabiya ya fita. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta The Lancet ta buga a 2009 ya gano cewa macen da ta yi ciwon sukari na ciki ta fi wadda ba ta yi ba haɗarin kamuwa da ciwon sukari na dindindin fiye da sau 7. Wani da ya fito a mujallar BMJ a 2020 ya ce abin ya kusa sau 10. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka kuma na cewa kusan rabin irin waɗannan mata na kamuwa da shi daga baya. Sannan akwai waɗanda tun kafin cikin suna ɗauke da ciwon ba su sani ba, awon ciki ne kawai ya fara bankaɗo shi. Su nasu ba inda zai je bayan haihuwa.

Wata za ta ce, to ai in yana nan zan ji a jikina. Ba lalle ba ne. Ciwon sukari na iya yin shekaru yana cin idanu da ƙoda da jijiyoyin ƙafa mutum na harkokinsa. Alamominsa kuma, ƙishirwa da yawan fitsari da gajiya da rama, wace mai shayarwa ce ba ta jin su, balle a zafin watan Afrilu a Tawa ko Damagaram? Sai a ce jego ne, sai a ce zafi ne. Awo kaɗai ke raba gardama.

Yaushe ake yinsa? Ƙungiyar likitocin ciwon sukari ta Amurka ta ce tsakanin mako 4 zuwa 12 bayan haihuwa. A Ingila suna cewa mako 6 zuwa 13. A wajenmu lissafin ya zo da sauƙi, don mako 6 kwana 42 ne, wato daidai lokacin da mace ke gama arba'in. Daidai lokacin ne kuma ake kai jariri allurar rigakafi ta mako 6, kuma shi ne lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sake duba uwa bayan haihuwa. Ke nan tafiya ɗaya ce. Abin da ke faruwa sau da yawa shi ne a auna jariri a sikeli, a yi masa allura, a rubuta a karnensa, uwa ta goya shi ta koma gida ba wanda ya tambaye ta komai, ita ma ba ta faɗa ba. Wadda ta yi mata awon ciki wataƙila ba ita ce ke kan aiki ran nan ba. Don haka, uwargida, ki tafi da karnenki na awon ciki, ki buɗe baki ki ce: an ce mini ina da sukari lokacin ciki, ina son a auna ni.

Awon da ya fi inganci shi ne wanda a takardar likita ake rubutawa HGPO. Mace za ta kwana ba ta ci komai ba aƙalla awa 8. Ba azumi ba ne, tana iya shan ruwa zalla, kuma ba a hana ta ba jariri nono ba. Da safe a ɗebi jini, sannan a ba ta gram 75 na sukarin likita a cikin kofin ruwa ta shanye. Ta zauna awa 2 ba ci ba zirga-zirga, a sake ɗibar jini. Yana cin safiya guda, gaskiya, kuma zaƙin ruwan na tayar wa wasu zuciya. Yana da kyau a je da wadda za ta taya riƙon jariri. Kada kuma mace ta ƙaurace wa abinci kwana biyu kafin ranar wai don awon ya yi kyau. Ta ci yadda ta saba, in ba haka ba sakamakon zai yi ƙarya.

Ba kowace CSI ke iya wannan awon ba. Inda babu, a yi aƙalla na jinin safe kafin a karya, wanda ma'aikata ke kira gilisemi, ko a nemi takardar turawa zuwa asibitin gunduma, ko cibiyar uwa da yaro ta Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ko asibitin haihuwa na Issaka Gazoby a Yamai. Sai dai a san cewa na safe shi kaɗai yana kuskure wasu mata, waɗanda sukarinsu ba ya hawa sai bayan sun ci abinci. Akwai kuma wani awo da ake kira HbA1c mai nuna matsakaicin sukari na watanni 2 zuwa 3. A makonnin farko na jego ba a cika dogara da shi ba, saboda zubar jinin haihuwa da ƙarancin jini na iya karkatar da shi, haka ma sikila, kuma dukansu ba baƙi ba ne a ƙasar nan.

Ga yadda ake karanta sakamakon, da ma'aunin da asibitocinmu ke amfani da shi. Idan na safe ya kai gram 1,26 a lita, ko na bayan awa 2 ya kai gram 2, ciwon sukari ke nan. Likita zai sake aunawa ya tabbatar, sannan a shiga magani. Idan na safe na tsakanin 1,10 da 1,25, ko na bayan awa 2 na tsakanin 1,40 da 1,99, mace na bakin ƙofa, ba ta shiga ba tukuna. Wannan rukunin ne ya fi kowa cin ribar awon, don nan ne ake iya juya akalar abin. A wani babban gwaji da aka yi a Amurka, wanda sakamakonsa ya fara fitowa a 2002, matan da suka taɓa yin sukarin ciki kuma suke bakin ƙofa sun rage haɗarin da kusan rabi, ta hanyar rage ƙiba da motsa jiki, ko da ƙwayar metformin. Idan kuwa komai ya fito daidai, madalla, amma ba sallama ba ce: a riƙa maimaita awo duk shekara 1 zuwa 3, har iyakar rayuwa. Wadda ta yi allurar insulin lokacin ciki, ko mai jiki, ko wadda uwa ko uba ke da ciwon, gara ta riƙa yi duk shekara.

Dalilin da ya sa maganar ta fi nauyi a Nijar shi ne haihuwa a kai a kai. Muna cikin ƙasashen da mace ta fi yawan haihuwa a duniya, kuma sau da yawa wani cikin na shiga tun ba a yaye na baya ba. Macen da ta ɗauki ciki da sukari a sama ba ta sani ba, makonnin farko ne ake halittar zuciya da ƙashin bayan jariri, tun kafin ta je awo na farko. Nan ne ake samun ɓari ko jariri mai nakasa. In cikin ya tsaya kuma, ɗan na iya girma ya wuce kilo 4, naƙuda ta yi tsawo, kafaɗa ta maƙale, a ƙare da tiyata. A gida ana murna an haifi ƙaton yaro, ungozoma kuwa ta san abin da girman ke nufi. Duk wadda ta taɓa haifar ɗa sama da kilo 4, ko da ba a taɓa ce mata tana da sukari ba, ya kamata a auna ta kafin wani cikin, ko da zarar ya shiga.

Sai batun abincin jego, wanda a nan surukai da iyaye mata ke da ta cewa fiye da likita. Al'adarmu ce a cika mai jego da kunu ta yi ƙiba ta yi ruwan nono, kuma niyya ce mai kyau. Amma kunu kwano bayan kwano da sukari cokali huɗu, ga shayi, ga lemu da ƴan barka ke kawowa, ba alheri ba ne ga wadda aka ce sukarinta ya hau. Ba a ce ta zauna da yunwa ba, mai shayarwa na buƙatar abinci. A rage zaƙi, a ƙara wake da zogale da yakuwa da ƙwai da kifi ko nama gwargwadon hali. Shayarwar kanta na taimakon uwa, don bincike ya nuna tana rage haɗarin ciwon daga baya; a ba jariri nono zalla wata 6, a ci gaba har shekara 2.

Maigida kuma, kuɗin mota da na awo da izinin fita duk a hannunka suke. Ka tambayi farashin awon tun ranar sallama daga asibiti, ka ware shi cikin kuɗin hidimar suna kafin rago da goro su cinye. Ranar da za a kai jariri allurar mako 6, ka tuna wa maiɗakinka tun da dare kada ta karya da safe, ta kuma ɗauki karne biyu, nata da na jariri.