Kafin a ƙara wa furosesa gudu a zafin Kura, a fara duba madabod

A Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonakin shinkafa da tumatir, matashin da ke haɗa bidiyon biki yakan fara ne da wayarsa. In aiki ya yi yawa, sai ya shiga Kano ya sayo kwamfutar tebur ta gwanjo mai furosesa mai ƙwaƙwalwa huɗu, da niyyar ƙara mata gudu fiye da yadda kamfani ya saita.

A nan ake asarar kuɗi. Furosesa ba ta ƙara gudu sai madabod, wato babban allon da komai ke zaune a kai, ya ba da dama. Intel Core i5-2500K, wadda ta fito a 2011 da gudun 3.3GHz, tana iya haura 4GHz, amma sai a kan allo mai lambar P67, Z68 ko Z77. A ɗora ta kan H61, harafin K ɗin ya zama ado. Haka AMD Ryzen 3 1200 ta 2017: B350 da B450 sun yarda, A320 bai yarda ba. Kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex kuwa a kulle suke tun daga kamfani, kome daɗin bakin mai shago.

Sai batun zafi. A gefen mazaunin furosesa akwai ƙananan na'urorin da ke daidaita mata wuta. Ƙarin gudu na nufin ƙarin wuta, su kuma sai su ɗau zafi. Allon da aka rufe musu da ƙarfen shanye zafi shi ne abin nema. Wanda ya bar su tsirara zai riƙa rage gudu ko ya kashe kansa ana tsakar aiki. Yawancin gwajin da ake gani a YouTube a ɗaki mai sanyi ake yinsa, ba a shagon kwano a watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke kai digiri 40. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin injin casa ma suna toshe fanka.

Wutar janareta mai hawa da sauka tana iya ƙone allon, don haka kuɗin sitabilaiza na cikin lissafi. Kafin a biya, a sa mai shago ya kunna, a shiga BIOS a ga ko lambar gudun tana motsi.