Kafin Ka Aika Injin Ɗaure Silin Zuwa Minna

Jama'a, a cikin 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, da wuya ka sami wanda ya shekara goma yana nema bai aza harsashin gida a Arewa ba. Mutanen Jihar Neja kuwa yawancinsu Minna suke nufa, su sayi fili a Maitumbi ko Bosso ko Kpakungu ko can hanyar Gidan Kwano, su riƙa aika kuɗi kaɗan-kaɗan har gini ya kai rufi. To, daga nan sai maganar silin ta taso, sai ƙane ko ɗa ya bugo waya ya ce, "Yaya, mai aiki ya ce a sayo mana injin ɗaure sukuru a nan wajenku, ya fi araha." Da yawa sun saya sun aika, kuɗi ya tafi, silin bai zaunu ba. Saboda haka yau za mu tsaya a kan wannan inji.

Tun da Minna ta zama hedkwatar jiha a 1976 silin gidajenta ya sake kama sau da yawa. An yi zamanin kwali, an yi na asbesto, wanda daga baya likitoci suka tabbatar ƙurarsa tana lalata huhu, har Ingila ta hana shi gaba ɗaya a 1999. Aka zo na roba, kana aka zo POP na kwaɓawa da zubawa. Yanzu kuwa masu gini da yawa sun koma ga allon da aka riga aka yi a masana'anta, mai faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8, kaurinsa milimita 9 ko 12, wanda ake ɗaure shi da sukuru a jikin siraran ƙarafa ko katako. Ba sabon abu ba ne a duniya, wani Ba'amurke mai suna Augustine Sackett ya yi masa rajista tun 1894. Cikinsa jifsam ne, watau farin dutsen nan mai laushi da ake haƙowa a jihohin Yobe da Sakkwato ana sa wa siminti, an matse shi tsakanin takardu biyu masu kauri.

Wannan takarda ita ce kan maganar duka. Jifsam shi kaɗai ba shi da ƙarfi, da farce ma sai ka kankare shi. Abin da ke riƙe allo a sama shi ne kan sukuru da ya danne takardar bai yaga ta ba. In sukuru ya nutse ya fasa takarda, to ya shiga gari ke nan, ba abin da ya riƙe, ko da kuwa ido yana ganinsa daram. In kuma bai shiga sosai ba, kansa zai tsaya waje, mai shafe ya rasa yadda zai rufe shi, bayan fenti ka ga silin da ƙuraje kamar mai ƙyanda. Abin da ake nema shi ne kan sukuru ya lotsa takarda kaɗan, ƙasa da milimita 1, ya tsaya nan.

Yanzu a yi lissafi. Allo mai kaurin milimita 12 ya haura kilo 20. A silin ana sa sukuru kowane inci 9, a bango kowace ƙafa 1, saboda haka allo guda yana cin sukuru 30 zuwa 40. Falo mai mita 5 da mita 6 zai ci allo 11, watau sukuru wajen 400. Gida mai ɗaki uku da falo kuwa sai ya haura 1,500. Ina hannun da zai ɗaura sukuru 1,500, mutum yana kan tsani, wuya a lanƙwashe, ƙarƙashin kwano a zafin Minna na watan Maris, kuma kowanne ya tsaya daidai zurfin ɗan'uwansa? Babu. Dalilin da ya sa aka ƙera inji na musamman ke nan, wanda Turawa ke kira bindiga saboda siffarsa.

Ga ido ya yi kama da injin huda da kowane kafinta yake da shi, kuma a nan ne ake cutar mutanenmu a kasuwa. Bambancin yana a baki. Injin gaskiya yana da wani hanci mai kamar mazurari da ya kewaye tsinken da ke juya sukuru, ana murɗa shi gaba ko baya a saita zurfi. Da hancin ya taɓa allo, sai haƙoran ciki su saki, tsinke ya daina juyawa ko da injin yana kuka. Bugu da ƙari, tsinken ba ya juyawa sai an danna, don haka mai aiki yana iya barin inji a kunne yana ta ɗora sukuru. In mai kanti ya miƙo maka inji babu wannan hanci, ko mene ne aka rubuta a kwalinsa, mayar masa. Akwai kuma wani mai bugu yana juyawa, mai ƙara kamar ana sakin wuta, wanda samari ke so saboda ƙarfinsa. Wannan na ɗaure kwano da katako mai kauri ne. A kan allon silin ɓarna kawai yake yi.

Kada ka tafi kasuwa hannu rabbana. Nemi guntun allo da guntun ƙarfen silin a wurin masu aiki, ka riƙe sukuru goma a aljihu. Ka ce a jona inji, ka ɗaura goman a jere. Sa'an nan ka goga bakin wuƙa a kansu. In wuƙa ta yi ƙaras, sukuru bai shiga ba. In ka ga farin gari a gefen kansa, ya wuce. A murɗa hanci a sake. Injin kirki, da zarar an saita shi, goman nan za su zama kamar an auna su da ma'auni, hancin kuma ba zai kwance da kansa ba. Na jabu, ko da an manna masa sunan Makita ko Bosch ko DeWalt, kafin ka kai na bakwai saitin ya gudu. Mai kantin da ya ƙi a gwada, ya riga ya ba ka amsa.

Sai ka tambayi na gida, a kan me za a ɗaura allon? In siraran ƙarafa ne, ana son inji mai gudu, mai juyi 4,000 ko fiye a minti guda, domin gudun ne ke sa tsinin sukuru ya huda ƙarfe nan take, kuma sukuru mai ƙananan zare, tsawon milimita 25, shi ya dace. In katako ne, musamman jan katakon nan mai tauri, inji mai juyi 2,500 ya fi, don ya fi ƙarfin murɗawa, sukuru kuma mai manyan zare, milimita 35 zuwa 38. Yawancin na zamani ana rage musu gudu da yatsa, amma a duba a tabbata. Ni dai a ganina, wanda ke da hali ya sa ƙarfe, domin katakon da bai bushe ba yakan murɗe in hunturu ya shigo, ya tsaga silin, ga kuma gara.

Maganar wuta ita ce ta fi cin kuɗin mutanen kurmi. Wutar ƙasarmu volt 230 ce. Kayan hannu da ake jibgewa a kasuwannin Ikko kuwa daga ko'ina suke. Na Amurka volt 120 ne. Na wuraren gini a Ingila, masu babban fulogi rawaya mai zagaye, volt 110 ne, ba sa aiki sai da taransifoma. Wasu 'yan kasuwa sukan yanke fulogin su sa irin namu, inji ya isa Minna, a jona, ya yi gudu na minti ɗaya ya yi hayaƙi. Karanta ɗan rubutun da ke jikin inji da idonka, ko ka sa a karanta maka. Haka cajar mai batir, ita ma a duba ta.

To, mai waya ko mai batir? Abin mamaki, jihar da take da Kainji tun 1968, da Shiroro tun 1990, ga kuma Zungeru, har ake mata kirari da jihar lantarki, amma sabon gini a bayan gari galibi ba a kai ga ja masa wuta ba lokacin da ake silin. Mai batir ya huta da wannan, ba waya mai harɗe ƙafa a kan tsani. Sai dai fa kuɗinsa yana cikin batir. Dole a sayi biyu, ɗaya na aiki ɗaya na caji, kuma batirin wani kamfani ba ya shiga injin wani. Kada rubutun volt 20 ya ruɗe ka ka biya ƙari, shi da mai volt 18 abu ɗaya ne. Zafi kuma yana kashe batir, wanda aka bari cikin but ɗin mota ko ƙarƙashin kwano da rana ba zai yi ƙarko ba. Mai waya ya fi araha, ya fi juriya, abin da yake ja bai cika wuce wat 600 ba, ƙaramin janareta ma zai ɗauke shi muddin ba a jona masa wani abu ba. Yaron da ya koyi aiki a Ikko yana son ya koma gida ya kafa kansa, shawarata ya fara da mai waya, tun da ko ta yaya sai ya nemi janareta don huda bango. In aiki ya buɗe ya ƙara mai batir.

Akwai wanda ake sa wa sukuru a jere cikin ɗamarar roba, 50 a kowace, yana ɗora wa kansa. Yana da sauri ƙwarai, amma in ɗamarar ta ƙare ba ka da inda za ka samu kusa, ya zama kaya. Kada ka saya sai ka tabbatar da mai sayar da ita.

Wanda kuwa gida ɗaya kawai zai yi, ba sana'a zai shiga ba, ba lalle ne ya sayi inji ba sam. Ana sayar da ɗan tsinke mai zobe a baki, wanda ake ɗaura wa injin huda na kullum, zoben yana tsai da sukuru in ya kai. Bai kai na gaskiya sauri ba, amma zai gama gida. Mai aikin da ya ce shi gwani ne kuma ba shi da ko wannan, a tambaye shi gidan da ya yi, a tura wani ya je ya ɗaga kai ya duba. A kuma tabbata kwano ba ya yoyo kafin a ɗaura allo ko ɗaya, domin ruwan Agusta a Minna in ya jiƙa takardar nan, sukuru dubu ba zai riƙe ta ba. Banɗaki da kicin a sa musu koren allo mai jure laima.

In ka saya, haɗa da tsinke mai lamba 2 kamar guda goma, don suna cinyewa, da gawayin inji na canji in irin mai gawayi ne. Cire hancin ka naɗe shi daban cikin tsumma, ka sa duka a kwali mai ƙarfi, ka ce wa direba kada a ɗora buhu a kai, hanyar Jebba da Mokwa da Bida tana da tsawo. Rasit kuma ka riƙe a wurinka, ka aika musu hotonsa kawai.