Shinkafar da Ba a Goge Ba: Zaɓe, Ajiya da Dahuwa

Shinkafar da ba a goge ba ita ce wadda aka cire wa ƙaiƙayi kaɗai, aka bar mata dusarta da idon tsironta. Shi ya sa take fitowa ja-ja ko ruwan ƙasa. A cikin wannan dusa ne mafi yawan bitamin B1 da sinadarin maganiziyam suke, kuma ita ke sauƙaƙa bayan gida. A shekarun 1890, a tsibirin Jaba, likita Christiaan Eijkman ɗan ƙasar Holan ya lura cewa kajin da ake ba farar shinkafa zalla ƙafafunsu na shanyewa, suna kuma warwarewa idan aka koma ba su mai dusa. Wannan bincike ya buɗe hanyar gano musabbabin cutar beriberi, ya kuma kai shi ga lambar Nobel a 1929.

A ƙasar Sudan kuwa, a Hasahisa da ƙauyukan Hausawa na Jazira, har zuwa Mai Wurno, dawa ce ginshiƙin abinci ba shinkafa ba, da ita ake kisra da asida. Gandun noman Jazira, wanda ya kankama bayan kammala madatsar Sennar a 1925, ya fi ba da ƙarfi ga auduga da dawa da gyaɗa da alkama. Mafi yawan shinkafar kasuwa daga waje ake shigo da ita, don haka takan daɗe a hanya da cikin sito kafin ta iso hannun mai saye.

Nan ne haɗarin yake. Dusar shinkafa tana da mai, man kuma yana lalacewa. Farar shinkafa na iya shekara fiye da ɗaya lafiya, amma mai dusa wata shida ne gwargwadon ƙarkonta, a zafin Afrilu da Mayu da kan haura digiri 40 kuwa ba ta kai haka. Mai saye ya ɗebi ɗan kaɗan a tafin hannu ya shaƙa. Sabuwa ƙamshin gyaɗa-gyaɗa take yi. Wadda ta tsufa warin tsohon mai take yi, a baki kuma ɗaci. Gari a gindin buhu, ko ƙwayoyi da suka manne da zare kamar na gizo-gizo, alamar ƙwari ce. A lura kuma cewa launi kaɗai ba shaida ba ne: shinkafar gumi da aka goge takan yi rawaya-rawaya alhali babu dusa a jikinta. A sayi ta wata ɗaya ko biyu, a zuba a mazubi mai murfi, a ajiye a inuwa nesa da murhu.

Wajen dahuwa, a rege ta a fitar da tsakuwa, sannan a jiƙa ta awa biyu ko fiye, a zubar da ruwan jiƙon. Kofi ɗaya na shinkafa na buƙatar kofi biyu da rabi na ruwa, da wuta kaɗan-kaɗan na kimanin minti 40 zuwa 45, ninkin lokacin fara. Jiƙon yana rage wannan lokaci, ya rage cin gawayi. Bayan saukewa a bar tukunyar a rufe minti 10. Dusa takan tara sinadarin asenik fiye da tsakiyar ƙwaya. Dafa ta cikin ruwa mai yawa a tsane yana rage shi, wannan hanya ce ta fi dacewa idan ƙananan yara za su ci.

Dafaffiyar shinkafar da ta yini a ɗaki mai zafi tana iya haifar da amai da gudawa, ɗumame kuma ba ya kashe gubar da ta taru a cikinta. A dafa daidai cin iyali.

Masu ciwon sukari su sani cewa wannan shinkafa ba magani ba ce. Tana ɗaga sukarin jini a hankali fiye da fara, amma cika faranti da ita cutarwa ne. A ci kaɗan, a haɗa da wake ko ganye. Mai ciwon ƙoda kuwa ya tuntuɓi likita kafin ya mayar da ita abincin kullum, domin ta fi fara yawan fosfaros da fotasiyam.