Kula da Batirin Motar da Ba a Yawan Hawa

1.0 Gabatarwa

Balan mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Gaya, wadda ke maƙwabtaka da Ajingi a gabashin jihar Kano. Yawancin mutanen wannan yanki manoma ne, saboda haka aikin abin hawa yakan bi lokacin noma. Tarakta tana aikin huɗa a farkon damina, sannan a jingine ta. A-kori-kura tana kwasar gero da dawa da gyaɗa da kaka, daga nan sai jefi-jefi, kamar ranar Juma'a idan za a ci kasuwar Wudil. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, a shekarar 2024 kuma ya haura naira 1,000 a wurare da dama. Wannan ya sa ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa suka ajiye motocinsu suka koma babur, ba a fito da mota sai da babban dalili. Irin wannan dalili kuwa yakan zo ne bagatatan, alal misali naƙuda cikin dare, a tashi kai mace asibitin Gaya a murɗa makulli, mota ta ce ƙas, ta yi shiru. A wannan babi za a bayyana abin da ke zuƙe batirin motar da ke ajiye, da hanyoyin da za a bi a kiyaye shi.

2.0 Yadda Batir Yake Aiki

Kalmar "batir" ararriya ce daga Ingilishi, haka ma "caji". Amma Bahaushe ya yi wa abin nasa kalmomin, inda yakan ce batir "ya sauka" ko kuma "ya mutu". Direbobi sukan gwama su, alhali ba abu ɗaya ba ne. Batirin da ya sauka cajinsa ne ya ƙare, ana iya mayar masa. Wanda ya mutu kuwa ya daina riƙe caji, ko an kwana ana ba shi wuta. Duk abin da za a faɗa nan gaba ƙoƙari ne na hana na farkon ya zama na biyun.

Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro irin wannan batir a shekarar 1859, kuma har yau asalin tsarinsa bai canza ba. A cikinsa akwai ɗakuna 6, kowanne da faifayen darma jiƙe cikin ruwan asid, kowane ɗaki kuma yana ba da wutar da ta ɗan haura bolt 2. Jimilla ke nan bolt 12.6 idan batirin ya cika. Duk lokacin da aka ja wuta, asid yakan haɗu da darma, wani farin gishiri ya kwanta a jikin faifayen. Idan injin ya tashi, na'urar caji, wato altaneta, takan tura wuta ta bolt 14 ko kusa da haka, gishirin ya narke ya koma ruwa. Muddin ana wannan kai da komo, batir lafiya lau yake. Matsalar tana farawa ne idan aka bar shi a sauke na makonni: gishirin sai ya ƙanƙare, ya ƙi narkewa, wurin da zai ɗauki caji ya ragu. Wato dai zama ne ke kashe batir fiye da aiki.

3.0 Abin da Ke Shan Caji Mota Tana Tsaye

Abubuwa biyu ne. Na farko, batir yana zubar da cajinsa da kansa ko da ba a haɗa shi da komai ba. A yanayi mai sanyi-sanyi, kamar digiri 20 zuwa 25, yakan rasa wajen kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wata, kuma a ƙiyasi wannan asara tana ninkawa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. A ƙasar Kano zafin bazara yakan kai digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ƙarƙashin murfin injin motar da aka bari a rana kuwa ya fi haka. Mutane sukan ɗora laifin mutuwar batir a kan sanyin hunturu, domin da safiyar Disamba ko Janairu ne mota ta fi ƙin tashi. Gaskiyar magana ita ce zafi ne ya yi ɓarnar tun da bazara, sanyi ya zo ya tona asiri kawai.

Na biyu, motocin zamani ba sa barci gaba ɗaya. Agogo, da rediyo, da na'urar ƙararrawar ɓarawo, da kwamfutar injin, duk suna tsotsar wuta kaɗan-kaɗan ko an cire makulli. Idan wannan tsotso ya kai kashi 1 cikin 20 na amfiya, wanda ba a ɗauka a matsayin lalura ba, a yini guda an sha amfiya-awa 1.2 ke nan. Batirin ƙaramar mota mai amfiya-awa 60 zai rasa rabin cajinsa cikin kwana 25. Tsohuwar a-kori-kura da ba ta da irin waɗannan kayayyaki ta fi jure zama, sai dai in an yi mata ƙarin fitilu ko lasifika da wayoyi barkatai.

Akwai kuma na uku wanda ba laifin mota ba ne. A ƙauyukan da wutar lantarki ba ta isa ba, akan ciro batirin mota a kunna talabijin ko a yi cajin wayoyi da shi. Faifayen batirin mota sirara ne, an yi su ne don su ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu, ba don a tatse su har ƙarshe ba. 'Yan lokuta kaɗan aka yi masa haka, sai ya gaza.

4.0 Hanyoyin Kiyaye Caji

Al'adar da ta fi yaɗuwa ita ce a tayar da mota kowace safiya ko kowane mako, a bar ta a silo na minti 5, a kashe. Mai motar yakan koma gida da kwanciyar hankali, amma fa bai biya bashin da ke kansa ba. A silo altaneta ba ta ba da cikakken ƙarfinta, batir kuma ba ya karɓar caji da gaggawa. Iyakar abin da minti 5 zai yi shi ne ya mayar da wutar da kik ya ja wajen tayar da injin, asarar mako guda kuwa tana nan. Ga kuma man da aka ƙone a banza. In dai za a tayar, to a hau titi a yi tafiyar rabin awa ko fiye, sau ɗaya a mako ko mako biyu. Zuwa Wudil da dawowa daga Gaya ya wadatar.

Wanda tsadar mai ta hana shi haka yana da hanyar da ba ta cin ko kwabo: ya kwance kan batir. Da sifana ɗaya ake sassauta kan da ke da alamar ragewa (–), a cire wayar a kauce da ita gefe. Wannan kai ake fara cirewa, shi kuma ake mayarwa a ƙarshe, domin in sifana ta taɓa ƙarfen mota kada ta yi tartsatsi. Da an yi haka tsotson nan ya tsaya, saura zubar da batirin ke yi da kansa. Agogo da tashoshin rediyo za su goge, wasu rediyoyin ma sai an sa musu lambar sirri kafin su dawo, don haka a tabbata ana da ita. Idan zaman na watanni ne, kamar na tarakta daga kaka zuwa faɗuwar ruwa, gara a ciro batirin ɗungurungum a ajiye a ɗaki mai inuwa da iska, nesa da murhu da hannun yara, a riƙa kai shi caji duk wata ko wata ɗaya da rabi. Batun cewa daɓen siminti yana zuƙe caji ya samo asali ne tun zamanin da ake yin akwatin batir da katako ko ƙurar roba mai tsattsafo. Akwatin roba na yau ba ya yoyon wuta, ko da yake ɗora shi a kan katako ba laifi ba ne.

Hanya mafi dacewa da yanki irin Balan, inda rana ba ta yankewa, ita ce ƙaramin faifan sola mai ƙarfin wat 5 zuwa 10, wanda zai riƙa cike gurbin abin da ke zuba kullum. Sai dai a lura. Faifan da ake kira na bolt 12 yakan fitar da bolt 18 ko fiye da tsakar rana, saboda haka babban faifai in aka haɗa shi kai tsaye zai tafasa ruwan batir. Dole a sa na'urar daidaita caji a tsakani. Haka kuma ƙurar hunturu tana rage ƙarfinsa matuƙa, sai an riƙa goge shi.

5.0 Awo da Ruwa

Ba a sanin lafiyar batir da hasken fitila ko ƙarar oda. Ana saninta ne da mitar awon wuta, wadda kowane mai gyaran waya, wato rewaya, yake da ita. A auna bayan mota ta huta 'yan awoyi. Bolt 12.6 cikakke ne, 12.4 saura kashi uku cikin huɗu, lokacin caji ya yi, 12.2 rabi ne, daga 12.0 zuwa ƙasa kuwa gishirin nan ya fara ƙanƙarewa. Gwajin da wasu ke yi na gama kawuna biyu da waya don a ga tartsatsi haɗari ne, domin batir yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta, kuma yana iya fashewa a fuskar mutum.

Batirin da ya sauka sosai, ba a dogara ga altaneta ta cika shi bayan an yi masa jona ko an tura motar. A kai shi wurin caji a ba shi wuta a hankali, kamar amfiya 6 ga mai amfiya-awa 60, na tsawon awa 10 ko fiye. Mota mai giyar atomatik ma ba ta tashi da turi.

Idan batirin mai murafu ne, a duba ruwansa duk wata, a ga ya rufe faifayen. Abin da zafi ke ƙafar da shi ruwa ne, ba asid ba, don haka tataccen ruwan batir kawai ake ƙarawa. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana ɗauke da gishiri da ƙarfe masu lalata faifayen. Zubar da tsohon asid a ɗura sabo yakan sa mita ta nuna kamar an samu sauƙi, amma ba ya narkar da abin da ya riga ya ƙanƙare. Wanda ya kai wannan mataki sai a sayar wa masu sayen tsohon batir yadda yake. Kada a fasa shi a tsakar gida don a ciro darma, domin gubarta ita ce ta kashe ɗaruruwan yara a jihar Zamfara a shekarar 2010, lokacin da ake niƙa duwatsun zinare masu darma a cikin gidaje.