Hattara da Hanya a Lokacin Jigilar Taki da Iri

Ya kai manomi, tsakanin Afrilu da Yuni ne ake jigilar taki da irin gero da na wake daga kasuwannin Gashuwa da Nguru zuwa ƙauyuka. Abubuwa uku ne ke jawo haɗari a wannan lokaci.

1. Zafin bazara. Yakan haura digiri 40. Idan kwalta ta yi zafi, kaya kuma sun yi nauyi, tsohuwar taya takan fashe. Buhun taki kilo 50 ne. Buhu 20 tan guda ke nan. Kada ka yarda a yi lodi fiye da kima, kada ka hau bisa kaya. Ka yi sammako.

2. Guguwa. Iskar da ke gaban hadari takan turnuƙe hanya da ƙura, ta tara rairayi a kan titi, musamman wajen Yusufari da Machina. Direba ya sauka gefe har ta lafa.

3. Ruwan fari. Yakan cuɗu da ƙura da baƙin mai, kwalta ta yi santsi, birki ya ƙi ci. A fadamun kogin Yobe laka kan riƙe mota. Kada a tsallaka ruwan da ba a ganin ƙasansa.

Malaman gona su shawarci ƙungiyoyin manoma su kwaso kayansu kafin ruwa ya sauka. In haɗari ya auku, a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122. Rigakafi ya fi magani.